Gwiwar Ɗan Wasa: Daina Ciwo Daban, Warkewa Daban

  

Sharhinmu na yau a kan gwiwa yake. Gwiwar ɗan wasa. Da ɗan ƙwallon ƙafa, da ɗan kokawa, da ɗan dambe, da 'yar ƙwallon kwando, har da magidancin nan da ke fita sassarfa bayan sallar asuba don ya rage tumbi. Dukansu gwiwa ce ke ɗauke da su. Ranar da ta gaza, wasa ya tsaya. Ga wani ma har neman abinci ya tsaya.

Magana guda nake so ku riƙe, ko da kun manta sauran. Daina ciwo daban, warkewa daban. Gwiwa kan daina ciwo cikin 'yan makonni. Amma ba ta warke ba sai ƙarfinta ya komo. Shi kuwa ƙarfin nan, kwanciya ba ta dawo da shi. Shafa mai ba ya dawo da shi. Motsa jiki ne ke dawo da shi, wanda likitan fisiyo ya tsara, mai raunin kuma ya yi da kansa, yau da gobe.

Bari mu fara da ɗan gida, Umar Sadiq, haifaffen Kaduna. A farkon watan Satumba na 2022 ya bar Almería ya koma Real Sociedad, duk a ƙasar Sifaniya. Wasansa na farko ya zura wa Atlético Madrid ƙwallo. Ba a yi mako biyu ba, a karawa da Getafe, jijiyar gwiwarsa ta tsinke. Aka yi masa aiki. Har kakar wasan ta ƙare bai sake taka fili ba, sai a kaka ta gaba.

Ku duba fa. Wannan ƙwararre ne. Ƙungiyarsa ta zuba maƙudan kuɗi a kansa, kuma tana matuƙar buƙatarsa. Ga likitoci, ga kayan aiki. Duk da haka kusan shekara guda aka yi ana jiransa. To, yaronmu na unguwa fa? Irin wannan raunin zai ji ranar Asabar. A ɗaure masa ƙafa, ya sha magani. Bayan mako 6 ka gan shi a fili da bandeji, yana cewa ya warke. Me ya sa ya ce haka? Don ta daina ciwo.

Kafin mu yi nisa, mu leƙa cikin gwiwar tukuna.

Ƙashi uku ne suka haɗu a nan. Ƙashin cinya daga sama, ƙashin ƙwauri daga ƙasa, sai ƙoƙon gwiwa a gaba. Manyan jijiyoyi huɗu ne suka ɗaure cinya da ƙwauri. Biyu a gefe da gefe. Biyu kuma can tsakiyar gaɓar, sun gitta juna. Ta gaba a cikinsu ita ce likitoci ke kira ACL, wadda kuke yawan ji a labarin wasanni. Ita ke hana ƙwauri zamewa gaba. Ita ke riƙe gwiwa in mutum ya yi juyi. Sannan tsakanin ƙasusuwan akwai guringuntsi biyu, waɗanda ake kira meniskus. Aikin gammo suke yi. Yadda gammo ke shiga tsakanin kai da tulu, haka suke shiga tsakanin ƙashi da ƙashi su raba nauyi.

Duk wannan kuwa tsoka ce ta kewaye shi. Ta gaban cinya, da ta bayan cinya, da ta ɗuwawu, da ta sha-raɓa. Ku riƙe zancen tsokar nan, za mu komo gare ta.

To, ta yaya ake jin raunin?

Da yawanmu mun ɗauka sai an yi wa ɗan wasa ƙeta. Hakan na faruwa. Masoya Liverpool ba su manta yadda golan Everton ya afka wa Virgil van Dijk a watan Oktoba na 2020 ba. Amma yawancin tsinkewar ACL babu wanda ya taɓa mutum. Ya kafa ƙafa, haƙoran takalmi sun kama ƙasa, jiki ya juya, ƙafa ta ƙi bi. Ko ya yi tsalle ya dira da ƙafa a miƙe, gwiwa ta karkata ciki. Sau da yawa yakan ji ƙara, ƙas! Cikin 'yan sa'o'i gwiwa ta kumbura suntum, don jini ya taru a cikin gaɓar. Mata 'yan wasa ma sun fi maza fuskantar wannan rauni.

A nan yaudarar take. Bayan mako uku ko huɗu kumburi ya saɓe. Mutum yana tafiyarsa lafiya lau. Yana ma iya gudu in a miƙe ne. Sai ranar da ya zo yanke wani, ya ji gwiwar ta saki, ya zube. Kowace irin wannan saki tana iya ƙara yaga guringuntsi. Guringuntsi kuwa in ya lalace, amosanin gaɓa kan zo da wuri. Shi ya sa za ka ga tsohon ɗan ƙwallo bai wuce shekara 40 ba, amma tashi daga tabarma sai ya dafa bango.

Raunin jijiyar gefe ta ciki ya fi sauƙi. An doki gwiwa ta waje, ciwo ya fito ta ciki. Irinsa ne ya fitar da Asisat Oshoala daga gasar mata ta Afirka a Maroko a 2022, tun a wasan farko. Wannan jijiya tana samun jini sosai, don haka galibi takan haɗe ba tare da tiyata ba. Shi kuwa guringuntsi, yakan yage in an murɗa gwiwa tana lanƙwashe da nauyi a kanta. 'Yan kokawa sun san wannan. Kumburinsa ba ya gaggawa, sai kashegari. Wani lokaci gwiwar ta ƙage, ta ƙi miƙewa, ta ƙi lanƙwashewa.

Yanzu sai tambaya ta gaba. An ji rauni a fili. Me za a yi?

Da farko a fita daga wasan. Kada a ce a taka a gani. Kada a ja ƙafar, kada a murza. A naɗe ƙanƙara a tawul a ɗora minti 15 zuwa 20, a cire, a maimaita bayan 'yan sa'o'i. A naɗe gwiwar da bandeji, ba tamau ba. A kwanta a ɗaga ƙafar sama da ƙirji. Ruwan zafi da man zafi a ajiye su tukuna. A kwana biyu zuwa uku na farko ƙara kumburi suke yi. Na san wannan ya saɓa wa abin da muka saba, don mu da an bugu sai a ce a gasa. Amma gashi yana da lokacinsa, kuma ba ranar farko ba ce.

Akwai kuma alamomin da ba a kwana da su a gida. In mutum ba ya iya taku huɗu a kan ƙafar. In siffar gwiwar ta sauya. In tafin ƙafa ya yi sanyi, ko ya mutu ba ya jin taɓawa. In gwiwa ta ɗau zafi ga zazzaɓi. In sha-raɓa ta kumbura tana ciwo. Duk wanda ya ga ɗaya daga ciki, asibiti kai tsaye.

Wani abu kuma game da hoto. Sau nawa muka ji an ce, an yi hoto, ƙashi lafiya lau, targaɗe ne kawai? Jama'a, hoton ƙashi ƙashi yake nunawa. Ba ya nuna jijiya, ba ya nuna guringuntsi. Mai nuna su shi ne hoton MRI, kuma yana da tsada. Sai dai ƙwararren likita yakan gane abu mai yawa da hannunsa, ta hanyar jan ƙwauri da karkata gwiwa, da kuma sauraron yadda abin ya faru. Don haka in an ce ƙashi lafiya, a gode wa Allah, amma a tambaya: jijiya fa?

A nan dole in taɓo masu ɗori, kuma da girmamawa zan taɓo su. Sana'a ce ta gado. Suna kusa da jama'a, kuɗinsu da sauƙi, akwai kuma yarda tsakaninsu da mutane. Amma jijiyar da ta tsinke a can cikin gaɓa ba ƙashi ba ce da za a saita. Hannu ba ya kai gare ta. In aka ɗaure gwiwa da karare aka hana ta motsi makonni, abu biyu ne ke biyo baya: gaɓa ta sandare, cinya ta rame. In kuma aka yi tsaga ko ƙaho a kan gwiwa mai kumburi, an buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Mai ɗorin da ya san aikinsa, in ya taɓa ya ji ƙashi bai karye ba amma gwiwa tana lilo, zai ce a wuce asibiti. Wannan ba gazawa ba ce. Sanin aiki ne.

To, yanzu mun iso zuciyar maganar. Me likitan fisiyo yake yi?

Masu sauraronmu na Nijar sun fi saninsa da kine. Ma'aikacin lafiya ne da ya yi shekaru yana karatu a jami'a kan gaɓoɓi da tsoka da motsin jiki. Mutane da yawa suna zuwa wurinsa da tunanin za a kwantar da su a haska musu fitila mai ɗumi, a jona musu na'ura, a yi musu tausa, su tashi. Waɗannan suna da ɗan amfani wajen rage ciwo. Amma ba su ne maganin ba. In ka yi wata guda kana zuwa, kullum fitila da tausa, ba a taɓa sa ka ka yi gumi ba, to, ka tambayi dalili.

Aikin hawa-hawa ne. Matakin farko, a kwantar da kumburi, a miƙar da gwiwa, a tashi tsokar cinya daga barci. Na ce barci, don haka abin yake. In gaɓa ta kumbura, jiki da kansa yakan rage wa tsokar gaban cinya umarni. Mutum ya so ɗaure ta, ta ƙi amsawa. Cikin makonni kaɗan ta fara ramewa. In kana shakka, ɗauki zare ka auna cinyar da ta ji rauni, ka auna ɗayar a daidai wurin. Bambancin zai ba ka mamaki.

Motsin wannan mataki ƙanana ne, har mutum ya raina su. Ka zauna ka miƙe ƙafa, ka danna bayan gwiwa ƙasa, ka ɗaure cinya, ka ƙirga zuwa biyar, ka saki. Ka kwanta ka ɗaga ƙafar a miƙe, ka sauke a hankali. Ka jawo diddige zuwa gare ka, ka mayar. Ka ɗora diddige a kan matashi, ka bar gwiwa ta miƙe da nauyin kanta. A lura, a ƙarƙashin diddige ake sa matashin, ba a ƙarƙashin gwiwa ba. Sa shi ƙarƙashin gwiwa ya fi daɗi, na sani. Amma wanda ya saba da haka, gwiwarsa kan ƙi miƙewa sosai daga baya, ya dawo yana ɗingishi. Gwiwar da ba ta miƙe ba kuwa ta fi wadda ba ta lanƙwashe ba wuyar gyara.

Sandar dogarawa ma ba abin kunya ba ce. Gara ka yi tafiya daidai da sanda, da ka yi ɗingishi ba sanda, jiki ya koyi ɗingishin.

Mataki na biyu shi ne gina ƙarfi. Nan ne ciwo ya tafi. Nan ne kuma yawancin mutane ke ɓacewa, likita ya daina ganinsu. Alhali yanzu aka fara. Tuƙa keke. Tashi daga kujera da zama a hankali, da ƙafa biyu, daga baya da ƙafa ɗaya. Hawa matakala da saukowa. Ɗaga nauyi, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Ba cinya kaɗai ba, har ɗuwawu da ƙugu, don su ne ke hana gwiwa karkata ciki. Wannan mataki watanni yake ci. Yana da gundura. Abokai na fili, kai kana tsakar gida kana hawa bulo kana sauka. Amma a nan ake warkewa.

Kuma kada rashin kayan zamani ya hana. Bulo guda, da kujera, da buhun yashi, da jarkar ruwa, da robar tayar keke, sun isa a yi aiki mai yawa, muddin akwai mai ilimin da ya tsara shi yana kuma dubawa. Ga ma'auni mai sauƙi. In ka yi atisaye yau, gobe da safe gwiwa ta kumbura, to, ka wuce gona da iri, ka rage. In ba ta kumbura ba, ka ci gaba.

Akwai wani ɓangare da ba a cika sani ba. Jijiyar ACL ba ɗauri kaɗai take yi ba. Tana kuma aika wa ƙwaƙwalwa labarin inda gwiwa take da yadda ta karkata. In ta tsinke, labarin ya ragu. Sai an sake koya wa jiki. Shi ya sa za ka ga an tsayar da ƙato da ƙafa ɗaya, an ce ya rufe ido. Ko ya tsaya a kan katifa ana jefa masa ƙwallo yana cafewa. Mai kallo zai ce wasa ake yi. Ba wasa ba ne, ana koya wa tsoka ta riƙa kama gwiwa tun kafin mai ita ya yi tunani.

Sai mataki na ƙarshe. Gudu a miƙe, wanda bayan tiyatar ACL ba a cika fara shi ba sai an haura wata 3. Sannan tsalle da dira. Sannan birki da juyi da yanka. Sannan atisaye da ƙungiya ba tare da karo ba. Sannan da karo. Wasan gaske shi ne ƙarshe.

Wani zai ce, to, ina tiyata a duk wannan? Mu ɗan tsaya a kanta.

Ba kowace tsinkewar ACL ce ke buƙatar wuƙa ba. A wani bincike da aka yi a ƙasar Suwidin, aka wallafa a 2010, an raba matasa masu wannan rauni gida biyu. Wasu aka yi musu tiyata da wuri, sannan motsa jiki. Wasu aka fara musu da motsa jiki, tiyata sai in ta kama. Bayan shekara 2 ba a ga wani babban bambanci tsakaninsu ba. Bayan shekara 5 kuwa, kusan rabin rukuni na biyu ba a taɓa yi musu aikin ba. Sai dai a lura, waɗannan ba ƙwararrun da ke cin abinci da wasa ba ne. Wanda zai koma ƙwallo ta gaske, mai juyi da yanka, ko wanda gwiwarsa ke ta saki duk da atisaye, galibi sai an yi masa aiki.

Aikin kuma ba ɗinke tsohuwar jijiya ake yi ba. Yawanci ana yanko wata ce daga jikin mutum, daga bayan cinya ko daga ƙasan ƙoƙon gwiwa, a dasa ta a gurbin. Dasashshiyar nan sai ta yi watanni kafin ta kama sosai. A wata na biyu zuwa na uku, lokacin da mai ita ke jin garau, ita kuwa ba ta yi ƙwari ba. Kun ga maganarmu ta sake fitowa. Daina ciwo daban, warkewa daban. Don haka wanda ya tara kuɗin tiyata bai tanadi na fisiyo ba, rabin magani ya saya.

To, yaushe ake komawa fili?

Masu bincike daga Norwe da Amurka sun bi sawun 'yan wasan da aka yi wa wannan aiki, suka fitar da sakamako a 2016. Sun gano cewa duk wata guda da aka ƙara jira, har zuwa wata 9, haɗarin sake jin rauni yana raguwa da kusan rabi. Van Dijk ma kusan wata 9 ya yi. Amma kalanda kaɗai ba ta yanke hukunci. Ana gwaji. Ana auna ƙarfin cinyar da ta ji rauni da na ɗayar, ana so ta kai aƙalla kashi 90 cikin 100. Ana sa mutum tsallen ƙafa ɗaya, wanda duk wanda ya yi langa yana yaro ya san shi, a auna nisan kowace ƙafa. Ana kuma duba zuciya, don wanda ke shiga fili da tsoro, taka ƙafarsa ma daban take.

Manya daga cikinku za su tuna Ronaldo na Burazil. A watan Nuwamba na 1999, yana Inter Milan, ya ji rauni a jijiyar da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa. Aka yi masa aiki. Bai cika wata 5 ba ya dawo, a wasa da Lazio cikin Afrilun 2000. Bai yi minti 10 a fili ba jijiyar ta tsinke gaba ɗaya, duniya na kallo yana kuka. Mutane da yawa suka ce tasa ta ƙare. A karo na biyu ya haura shekara yana jinya da atisaye tare da likitan fisiyonsa, Nilton Petrone. A 2002 ya ci ƙwallo 8 a gasar cin kofin duniya, biyu daga ciki a ragar Jamus ranar wasan ƙarshe. Ba kowa ke samun irin wannan ƙarshe ba. Mu a nan mun ga yadda ciwon gwiwa ya gajarta wasan Daniel Amokachi da Emmanuel Amunike suna tsakiyar ƙarfinsu.

Bari in sauko gida kaɗan, kan abin da littafin likitan Turai ba lallai ya kula da shi ba. Mu mutanen ƙasa ne. A tabarma muke zama, a ƙasa muke cin abinci, da yawanmu makewayin tsuguno gare mu. Ga sujada da zaman tahiya sau biyar a rana. Duk suna buƙatar gwiwa ta lanƙwashe har ƙarshe. Wanda aka ɗinke wa guringuntsi, ana hana shi tsuguno mai zurfi na wasu watanni. Kada ya ji nauyin yin salla a kan kujera, addini ya yi rangwame ga mara lafiya. Kuma ya faɗa wa likitan fisiyo ƙarara cewa yana so ya koma zaman tahiya, don a sa shi cikin tsarin atisaye.

Gargaɗi kuma kan magani. Akwai ɗabi'ar da ta yaɗu a filayenmu. Yaro ya biya kemis ya haɗiyi maganin kashe ciwo kafin wasa, wani har allura, wani har tiramol. Ciwon ya yi shiru, ɓarnar na ci gaba. Ga illa ga ƙoda da ciki in an daɗe ana sha. Ga kuma jaraba. Kocin da ya ga haka ya kau da kai, da hannunsa a ciki.

Ba kuma duk ciwon gwiwa ne na faɗuwa ba. Akwai mai zuwa a hankali, a gaban gwiwa, ga masu gudu da masu yawan tsalle. Akwai na yara masu tasowa, da wani ƙullutu mai ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwa. Waɗannan galibi ba sa buƙatar tiyata. A rage yawan wasa, a ƙarfafa cinya da ƙugu, a koma sannu a hankali.

Abu na ƙarshe, rigakafi. Hukumar FIFA tana da wani tsarin ɗumama jiki mai suna FIFA 11+. Minti 20 ne kafin atisaye. Gudu, ƙarfafa cinya da ciki, tsayuwa da ƙafa ɗaya, koyon dira da gwiwa a ɗan lanƙwashe tana kallon yatsun ƙafa. Ba ya buƙatar ko sisi. An ma gwada shi a nan gida, a ƙungiyoyin matasa na Legas, aka wallafa sakamakon a 2014. Rauni ya ragu da kashi 41 cikin 100. Ni a ganina, kocin da ke tara yara kullum yamma bai koyi wannan ba, ya tauye musu haƙƙi. A kuma cike ramukan fili. A daina sa takalmi mai dogayen haƙora a busasshiyar ƙasa.

Na san wani yana saurare yana cewa, duk wannan zancen masu hali ne. Da gaskiyarsa ta wani ɓangaren. Likitocin fisiyo sun yi mana kaɗan, kuma yawancinsu a birane suke. Amma akwai sashen fisiyo a Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, akwai a asibitin koyarwa na Shika ta Zariya, akwai a asibitocin koyarwa na Sakkwato da Maiduguri, da manyan asibitocin jihohi da dama. Ba kuma kullum ake zuwa ba. Mai nisa yana iya zuwa a duba shi, a koya masa motsin, ya koma gida ya yi ta yi, ya dawo bayan 'yan makonni a ƙara masa mataki. Kuɗin mota da na kati sun fi sauƙi a kan gwiwar da za a yi ta jinya har tsufa.

To, masu sauraro, lokaci ya ja. Kai saurayi da ke jin mu da bandeji a gwiwa, wasan Asabar ɗin nan ka bar shi ya wuce. Je ka a duba ka tukuna. Malam koci, in yaro ya ce maka ya warke, ka ce ya tsaya da ƙafa ɗaya ya tsuguna ka gani. Iyaye mata da maza, ku riƙa tambayar yaran nan ko sun yi atisayensu na yau, kamar yadda kuke tambaya ko sun ci abinci.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.